Gashin Baki da Jijiyar Fiffike: Gwanintar Masu Gane Ƙuda Ɗan Fashi

Akwai wani ƙwaro da manoma da makiyaya ke wucewa ta gabansa kullum ba tare da sun kula da shi ba. Yakan zauna a kan dutse, ko a kan busasshen kara, ko a fili tsirara inda rana ta fi zafi, ya yi tsit, ba abin da ke motsi a jikinsa sai kai. Da zarar fara ko ƙudan zuma ko wani ƙaramin ƙwaro ya gifta, sai ya zabura ya cafke shi a sama da ƙafafunsa masu ƙaya, ya soka masa baki, ya zuba masa yawu mai kashe jiki da narkar da nama, sa'annan ya koma mazauninsa ya tsotse shi har sai ɓawo kawai ya rage. Wannan shi ne ƙuda ɗan fashi, wanda masana ke kiran danginsa Asilidae tun da Bafaranshen nan Latreille ya raɗa musu sunan a 1802. Jinsunansa da aka rubuta a duniya sun haura 7,000. Wasu ba su wuce milimita 3 ba, wasu kuwa sun zarce santimita 5.

Farautarsa abin kallo ce, amma abin da ya fi burge ni shi ne mutanen da za a miƙa musu ɗaya daga cikin waɗannan dubbai, su juya shi sau biyu a ƙarƙashin gilashi, su faɗi gidansu, wani lokacin har da sunansa na yanka. Mai kallo daga gefe sai ya ɗauka haddace hotuna suka yi. Babu kan da zai ɗauki hoto dubu bakwai. Abin da suka mallaka shi ne sanin inda ake dubawa, da abin da ake fara dubawa, da abin da ba a yarda da shi ko da ya cika ido.

Abin da ba a yarda da shi ɗin shi ne launi. A Afirka akwai wani gida na waɗannan ƙudaje mai suna Hyperechia. Duk wanda ya gan shi zai rantse baƙin ƙudan zuman nan ne mai ƙugi, mai huda itace da azarar ɗaki, wanda ake kira Xylocopa: ƙiba iri ɗaya, baƙin fiffike mai sheƙi iri ɗaya, har da ɗamarar farin gashi ko rawaya a daidai inda ta mai huda itacen take. Abin bai tsaya ga kama ba, domin tsutsar Hyperechia a cikin itacen take girma, tana cin tsutsar wanda aka kwaikwaya. Edward Poulton na jami'ar Oksfod ya yi rubutu a kan wannan dangantaka tun a shekarun 1920. A Turai da Amurka kuma akwai gidan Laphria, wanda wasu 'ya'yansa suka sha gashi har ba a raba su da manyan ƙudajen zuma na can. Gwani ba ya tsayawa kallon riga. Fiffike yake fara ƙirgawa. Ƙudan zuma da rina da zanzaro fiffike huɗu gare su, ƙuda na gaskiya kuwa biyu ne, a bayansu kuma akwai wasu 'yan sanduna biyu masu dunƙulallen kai da ke taimaka masa daidaita jiki idan yana tashi. Ganin waɗannan 'yan sanduna kaɗai ya kashe maganar zuma.

Daga nan sai fuska, kuma a fuska dangin nan yake bayyana kansa. A ƙasan ƙahonni, daidai saman baki, akwai tarin gashi mai kauri da ke tsaye kamar gashin baki. Masana na ganin kariya ce ga idanu da fuska daga shure-shuren abin da aka kama, don mai rungumar rina da ranta yana bukatar abin tare fuska. Sai kuma tsakar kai: idan aka dubi ƙudan ta gaba, za a ga tsakanin manyan idanunsa biyu ya lotsa ciki, ya yi kwari, a cikin kwarin kuma akwai ɗan tudu mai ƙananan idanu uku. Idanun nan biyu ba sa haɗuwa a sama, ko a namiji ko a mace, saɓanin bobuwa wadda idanun namijinta ke manne da juna. Na uku shi ne bakin kansa, gajere, mai tauri, mai sheƙi, wanda aka yi don suka. In waɗannan uku suka haɗu, an gama da maganar dangi. Akwai wasu ƙudaje masu dogon jiki da ke ruɗar sabon shiga, irin su dangin Therevidae, amma su tsakar kansu ba ta lotsa ba, bakinsu kuma taushi gare shi. Dangin Mydidae kuwa dogon ƙaho ne da su mai kumburi a baki.

Wannan matakin kowa zai iya koyonsa a yini guda. Wahalar tana gaba.

Dangin ya rabu rassa-rassa. Torsten Dikow, wanda ke kula da tarin ƙudaje a gidan adana halittu na Smithsonian a Washintan, ya fitar da wani babban nazari a 2009 inda ya kasa su rassa 14. Gwani yana rarrabe yawancin rassan da 'yan abubuwan da ido mara horo ba zai ma san akwai su ba. Zai ɗaga ƙafar gaba ya duba ƙarshen ƙwauri: akwai wata lanƙwasasshiyar ƙaya ko babu? In akwai, ya nufi wajen su Pegesimallus na Afirka ko Diogmites na Amurka, waɗanda aka sani da rataya da ƙafar gaba a jikin ganye suna cin abin da suka kama. Zai duba tafin ƙafa, tsakanin farata, ko akwai 'yan matasan kai biyu da ƙudaje ke mannewa da su. Reshen Leptogastrinae ba su da su, kuma jikinsu siriri ne ƙwarai, suna shawagi a hankali cikin ciyawa suna tsintar ƙwarin da ke zaune maimakon cafka a sama. Zai duba tsinin ƙaho: idan ya ga gashi jere a jikinsa kamar gashin tsuntsu, to gidan Ommatius ne ko makusantansa, kuma suna da yawa a ƙasashe masu zafi. Idan kuwa kan ya yi faɗi, idanun suka bultso gefe da gefe a kan ɗan ƙaramin jiki, sai ya tuna da Damalis.

Amma babban littafin da gwani ke karantawa shi ne fiffike. Fiffiken ƙuda fata ce garai-garai da jijiyoyi suka ratsa, jijiyoyin kuma sun yanka ta ɗaki-ɗaki. Kowace jijiya da kowane ɗaki suna da suna, bisa tsarin da Amurkawa biyu, Comstock da Needham, suka shimfiɗa a 1898, wanda har yau da shi ake aiki bayan 'yan gyare-gyare. Gashi yana zubewa, launi yana kodewa, ƙiba tana bin abin da tsutsa ta samu ta ci, amma zanen jijiya gado ne. Akwai wani dogon ɗaki kusa da gaban fiffike: a wasu rassa yana buɗe har bakin fiffiken, a wasu kuma jijiyoyi biyun da suka kewaye shi suna haɗuwa su rufe shi kafin su kai baki, su bar ɗan wutsiya. Wannan tambaya ɗaya, a buɗe yake ko a rufe, tana zubar da kusan rabin dangin gefe guda.

Mu ɗauki misali. A ce a bakin wata gona an kama wani ƙato mai tsawon santimita biyu da rabi, toka-toka, mai dogon ciki da ya zarce fiffike. Fiffike biyu, gashin baki, tsakar kai a lotse: ɗan fashi ne. Ƙwaurin gaba babu ƙaya. Tsinin ƙaho siriri ne, babu gashi. Ɗakin nan na gaba a rufe yake. Sai gwani ya matsa kusa da tsinin fiffike ya ƙirga ɗakunan da ke bin wancan. A yawancin ƙudajen nan biyu ne. A wannan kuwa wata 'yar jijiya ta gitta ta mai da su uku. Da ganin haka, dubban sunaye sun faɗi, saura 'yan gidaje ƙalilan, cikinsu har da Promachus da Philodicus da Alcimus, dukkansu kuwa ana samunsu a Afirka. Sai ya juya ƙudan ya dubi 'yar garkuwar da ke ƙarshen gadon baya, ko ta cika da gashi ko kuwa tsiraru ne a bakinta, ya auna tsawon ɗakunan nan da juna, ya dubi tazarar da ke tsakanin gindin ƙahonni biyu. Idan namiji ne kuma ga wani tuntun farin gashi mai ƙyalli a saman wutsiya, hankalinsa ya ƙara kwanciya a kan Promachus, don mazan jinsuna da yawa na gidan suna da shi. Duk wannan tafiyar ba ta fi 'yan mintoci ba a hannun wanda ya saba.

Yana tafiyar ne da abin da ake kira mabuɗi, wato jerin tambayoyi masu amsa biyu-biyu, kowace amsa ta tura ka tambaya ta gaba. Masanin halittu Lamarck ne ya yaɗa wannan dabara a littafinsa na tsirran Faransa a ƙarshen shekarun 1770. A takarda abin kamar wasa. A aikace kuwa, mabuɗi zai ce maka "fuska ta kumbura sosai" ko "fuska ta ɗan kumbura", kai kuma ga ƙuda ɗaya tak a gabanka, ba ka da na gwadawa. A nan ake gane wanda ya daɗe a sana'a. Kamar dillalin kara ne da zai buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa: haƙoran kowa na ganinsu, amma shi ya buɗe baki dubu kafin wannan.

Daga gida zuwa jinsi, nan ne ake yin gumi. A gidaje da yawa jinsuna goma ko ashirin za su yi kama ta waje har ba a iya raba su, bambancin yana can ƙarshen ciki, a gaɓoɓin barbarar namiji. Waɗannan gaɓoɓi masu tauri ne, masu ƙugiyoyi da lanƙwasa, kuma kowane jinsi da irin ƙirarsa. Wani lokaci ana ganinsu daga waje. A Ingila akwai wasu toka-toka biyu da ke yawan rikita mutane, Machimus atricapillus da Machimus cingulatus. Namijin na farko yana da wani ɗan harshe da ya zaro a ƙarƙashin ciki dab da wutsiya, na biyun ba shi da shi, shi ke nan an raba gardama. Amma sau da yawa sai an yanke ƙarshen cikin, an jiƙa shi a ruwan sinadarin fotash har nama ya narke ya bar ƙashin, a sa a madubin likita, a zana shi ta sama da ta gefe da ta ƙasa, a gwada da zanen da wanda ya fara bayyana jinsin ya yi. Mace kuwa takan fi wuya. Ƙarshen cikinta yana faɗin inda take ƙwai fiye da yadda yake faɗin sunanta: mai dogon tsini a matse tana cusa ƙwai ne a tsagar tsiro ko ƙasa, mai zoben 'yan ƙayoyi kuma tana tona rairayi da su. Akwai matan da ko babban masani zai rubuta sunan gida kawai a ƙarƙashinsu ya ajiye alƙalami.

Wannan ajiye alƙalamin, a ganina, shi ne rabin gwanintar. Sabon shiga yana son suna ko ta halin ƙaƙa, sai ya ɗauki hoton da ya fi kama ya liƙa. Gwani ya san iyakar abin da ke gabansa zai iya faɗa. Idan hoto aka kawo masa, zai tambaya ko an ɗauki fuska ta gaba, ko jijiyoyin fiffike sun fito, ko ana ganin wutsiya ta gefe, a wace ƙasa aka ɗauka, a wane wata, a kan me yake zaune. Tambayar mazauni ba ta banza ba ce, domin kowane gida da ɗabi'arsa: 'yan Stichopogon ƙanana ne masu son rairayin bakin rafi, 'yan Laphria suna son kututturen itace, wasu kuma ba sa sauka daga tsinin reshe. In hoton bai nuna abin da ake bukata ba, zai ce ga gidan, jinsi kuwa sai an kawo ƙwaron. Suna na ƙarya ya fi rashin suna ɓarna, don yana shiga rubutu, wani ya kwafa, bayan shekara ashirin a ce ana samun jinsi kaza a ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Akwai kuma tarkunan da sai mai aikin ya san su. Ƙirjin ƙudan da cikinsa suna da wani lallausan gari-gari, toka ko ruwan zinariya, wanda zanensa ke taimakawa wajen ganewa, amma zanen yana sauyawa idan aka juya ƙwaron a gaban fitila, wurin da ya yi duhu ya koma haske. Idan aka soke shi da allura aka ajiye, kitsen jikinsa yakan tsattsafo ya jiƙa garin, ƙwaron ya koma baƙi ƙirin, sai an tsoma shi a asiton kafin zanen ya dawo. Koren idon da wasu ke da shi suna raye yana dushewa bayan mutuwa. Wanda bai daɗe da fitowa daga kwasfa ba launinsa fari-fari ne, bai nuna ba. Gashin da mabuɗi ya ce a ƙirga yana iya karyewa a cikin raga, shi ya sa gwani ke neman 'yan ramukan da gashin ya bari, ya ƙirga su a madadinsa. Wannan na ƙarshen ya fi komai ba ni sha'awa, wato ƙirga abin da ya riga ya zube.

Ba duka ne ke wahalarwa haka ba. Asilus crabroniformis, wanda masanin halittu Linnaeus ya sa wa suna a 1758, daga nesa ake gane shi a makiyayar Turai: ƙato, gindin ciki baƙi, sauran rawaya, yana zaune a kan busasshen kashin shanu inda macen ke ƙwai. Ingila gaba ɗaya jinsunanta ba su kai 30 ba, mai himma zai iya sanin su duka. Afirka kudu da Sahara kuwa tana da fiye da 1,600 da aka rubuta. Hermann Loew na Jamus ya bayyana da yawa daga cikinsu a ƙarni na 19, Harold Oldroyd na gidan adana halittu na Landan ya ɗora a ƙarni na 20, Frank Hull kuma ya tattara gidajen duniya duka a littafi mai juzu'i biyu a 1962. Amma duk mai maganar ƙudajen nan a Afirka dole ya ambaci Jason Londt na gidan adana halittu na KwaZulu-Natal da ke Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu, wanda ya shafe shekaru da dama yana bin su gida-gida, ya bayyana ɗaruruwan sababbin jinsuna. Gidan Neolophonotus kaɗai, wanda ya yi wa garambawul, jinsunansa sun haura 200, akasarinsu toka-toka masu geza a gadon baya, kuma sai da gaɓoɓin namiji ake raba su. Shi da Dikow ne suka rubuta babin wannan dangi a babban kundin ƙudajen Afirka wanda juzu'insa na biyu ya fito a 2017, kuma mabuɗin da ke ciki shi ne mafarin duk wanda zai fara aiki a wannan nahiya yau.

Wani zai ce, a zamanin gwajin ƙwayoyin gado me ake yi da ƙirga gashi? Gaskiya ne tun 2003, lokacin da Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya kawo dabarar gane halitta da ɗan guntun ƙwayar gadonta, aikin ya samu sabon hannu, musamman wajen haɗa mace da namijinta ko tsutsa da uwarta. Sai dai na'ura tana gwada sabon samfuri ne da wanda aka riga aka sa wa suna, kuma wanda ya sa sunan da ido ya sa shi. In ya yi kuskure, na'urar za ta riƙa maimaita kuskurensa da cikakken tabbaci. Ga dubban jinsunan da ba a taɓa gwada su ba kuwa, ba ta da abin cewa.

Sanin sunan kuma yana da ranarsa. A Ajantina akwai Mallophora ruficauda da ke yi wa masu kiwon zuma ɓarna, yayin da tsutsotsin wasu 'yan Promachus ke cin gwazarmar da ke lalata saiwar shuka a ƙarƙashin ƙasa. Mai son ya san wanne ne abokin gona, wanne ne abokin gabar amya, dole ya iya raba su. Masu nazarin gani ma sun amfana: a 2017 masana a jami'ar Kambirij suka nuna cewa Holcocephala fusca, ɗan mitsitsin da bai wuce milimita 6 ba, yana hango abin da bai kai milimita 2 ba daga nisan fiye da rabin mita, ya tare shi a sama. Irin wannan binciken ba shi da daraja sai an tabbatar da jinsin da aka yi shi a kansa, don wani ya iya maimaitawa.

Ga mai karatu da zai so gwadawa, kayan aikin ba su da tsada: raga mai laushi, gilashin ƙara girma mai ninki goma, da haƙurin tsayawa a rana, domin da tsakar rana suka fi fitowa. A kiyaye kama babba da hannu tsirara, don yana suka da zafi idan aka matse shi, ko da yake ba ya bin mutum ko dabba neman jini kamar bobuwa da ƙudan tsando. Kudancin Afirka an tattara ƙudajenta sosai saboda can masanan suka zauna, amma dazuzzukan Sahel da na ƙasar Hausa ba a yi musu irin wannan bincike ba, ga shi kuwa dangin nan busasshiyar ƙasa mai rana ya fi so. Muna da ɗakin ajiyar ƙwari a Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, muna da ɗaliban nazarin halittu da na aikin gona a jami'o'in Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da ke neman abin da za su yi bincike a kai. Duk ɗalibin da ya kama ɗaya, ya soke shi da kyau ta gefen ƙirji, ya bar fiffike da wutsiya a fili, kuma ya rubuta sunan wurin da ranar da abin da ya tarar yana ci a 'yar takarda ya maƙala a jikin allurar kafin ya kai shi ɗakin ajiya.